Muryar Gwaggo a Manhaja

Malamar lissafi ta tsufa da alli a hannu, har yara suna kiranta Gwaggo. Da shugaban makaranta ya kawo manhajar koyarwa, ita ta fi kowa ɗoki.

Ya ce, "Gwaggo, ki naɗa mana darussanki, kada iliminki ya bi ki kabari."

Ta yi ta naɗa a ɗakin malamai har muryarta ta dushe. Ranar da ta gama ya ce, "Sai ki je ki huta, manhaja ta ishe mu."

Tana fita ta jiyo muryarta ta tagar aji. An ƙara mata sauri ta koma kamar ta ɓera, yara suna ta sheƙa dariya. Malamin da ke tsaronsu, tsohon ɗalibinta, shi ya nuna musu wurin dannawa.