Tukunya Mai Famfo

Tukunyar da Inna ta ba ni ta huje a cikin watan Sha'aban. Na ɗora ruwa, na juya zan ɗauko gero, sai na ji wutar gas tana tsartsatsi. Da na sauke na ɗaga ta wajen taga, haske ya ratso ta gindinta. Azumi kuwa ya ƙarato.

Sai na fara da bayanin abin da tukunyar take yi, don a gane girman asarar. Inna, mahaifiyarmu, daga Sudan ta zo Madina tana da ƙuruciya, da tukunyar a cikin kayanta. Yanzu ta tsufa, idonta ya yi rauni, tana zaune a gidan ƙanena a unguwar Uhudu. Ni ce babba, ina unguwar Harra ta Gabas da maigidana, direba ne. Tun da Inna ta daina iya tsayuwa a gaban wuta, kunun zaƙi na azumi ya dawo hannuna. Ni nake dafawa, maigida ya kai Uhudu kafin magariba. Kofin farko na Inna ne. Saura a raba wa maƙwabta, a kai wa masu shan ruwa a masallacin unguwa. Har suna ya bi shi: kunun babbar 'yar Hajiya. Ba ni da karatu mai zurfi, ba ni da gidan kaina, amma wannan sunan nawa ne.

Aikin yana da tsari, kuma ba na tsallake komai. Da farko a jiƙa gero. Sannan a wanke, a markaɗa da citta da kanumfari da busasshen dankali. Bayan haka a raba ƙullin, a dafa mai yawan a kan wuta ana juyawa da muciya har ya yi kauri. Sai a sauke a jira. Idan ya huce yadda za ki iya tsoma yatsa ba ki zare da sauri ba, a zuba ragowar ƙullin da tsiro, wato hatsin da aka jiƙa har ya fara fitar da saiwa aka shanya aka niƙa. Tsiron ne ke tsinka kunun ya ba shi zaƙinsa. A rufe ya kwana, da safe a tace. A zafin Madina kuma ba a sakaci, domin in ya wuce lokacinsa zai yi tsami ya fara kumfa, sai zubarwa.

Aibi ɗaya tukunyar Inna take da shi. Gindinta ya siɗe saboda tsufa, kome juyawarki sai ya kama, kunun ya ɗauki ɗan ƙauri. Shekara da shekaru wannan ƙaurin yana ɓata mini rai. Ni mace ce da ba ta son aiki da tabo.

A wannan Sha'aban ɗin ne ƙanwata, autarmu, ta dawo daga Yanbu. Mijinta yana aiki a matatar mai a can, sun kama gida a Madina don ta zauna kusa da Inna. Ta kira ni in zo in ga gidan. Na je, na ga kujeru, na ga labule, na yi mata Allah ya sanya alheri. Sai ta ja hannuna zuwa kicin.

"Yaya, ta'ali, zo ki gani. Abban yara ya yi mini odarta."

Wata tukunya ce a tsaye a kan teburi, doguwa, ta silba, ina ganin fuskata a jikinta. Ba a ɗora ta kan wuta, da lantarki take aiki. Tana da famfo a ƙasa, da kwandon tacewa a ciki, da wani ɗan allo mai nuna zafi. Ƙanwata ta danna, allon ya haska.

"Kin ga, ba sai kin tsoma yatsa ba. Ki ce mata zafi kaza, halas, ta riƙe shi."

"Me za ki dafa a ciki?"

"Kunu mana. Na ji tukunyarki ta huje. Bana ki huta, Yaya, ni zan yi."

Yarinyar da na goya. Yarinyar da bara ta kira ni a waya tana tambaya ko tsiro da gasara abu ɗaya ne. Hausarta ma rabi ce, sai ta fara magana ta ƙarasa da Larabci. Na dubi famfon nan. Na ce mata ban gaji ba, kuma ban ce ina neman hutu ba. Kafin in fita dai na ɗauki hoton tukunyar a waya, ina cewa maigida zan nuna wa.

A mota na nuna masa. Ya duba a wajen danja, ya miƙo mini wayar.

"Wannan ai kuɗin hayarmu ce da famfo a jikinta," in ji shi.

Washegari ya kai ni haraj, kasuwar tsofaffin kaya, wajen wani Bahaushen Cadi mai sayar da tukwanen gidajen abinci da suka rufe. Abin da ke cikin jakata kaɗan ne, na ware shi daga kuɗin cefane. Na gaya wa mutumin abin da nake nema bi da bi: ta ɗauki kunun unguwa guda, ta hau kan murhun gas ɗina ba ta rinjaye shi ba, ta kasance da murfi mai zama daidai, kuma kada ta kama.

Ya fara fito da wata ta alminiyam sabuwa, mara nauyi. Na ƙwanƙwasa gindinta da zobe, ta yi ƙara kamar gwangwani. Na ture ta. Ya kawo ta silba mai sheƙi, ita ma gindin kamar takarda. Sannan idona ya faɗa kan wata a lungu, doguwa, da famfo, da igiyar lantarki a naɗe. Na tsaya a kanta.

"Hajiya, wannan ta masu shayi ce," ya ce. "Ƙarfen da ke zafi a cikinta yake, tsirara. Ruwa kawai ta sani. Kika zuba mata ƙulli, zai manne ya ƙone, famfon ya toshe, ki dawo kina zagina cikin azumi."

"Wa ya ce maka saya zan yi? Kallo nake."

"Na ga kallon ya daɗe ne."

Na fito da waya na nuna masa ta ƙanwata, na tambaye shi ko yana samun irinta ta hannu. Ya matso da hoton kusa da ido, ya yi dariya.

"Irin wannan ba ta zuwa haraj. Kin san ko ta mece ce a can ƙasashen waje? Masu dafa giyar sha'ir a gida aka ƙera wa ita. Shi ya sa take da kwando, take riƙe zafi. Nan kuma masu subiya ke nemanta."

Subiya na sani, abin shan mutanen Hijaz ne na azumi, halal, ana sayar da ita a leda a bakin titi. Amma ba ita kunnena ya riƙe ba. Ɗaya kalmar ya riƙe, kuma ba zan ce ban ji sanyi a raina ba.

A ƙarshe ya jawo wata daga ƙarƙashin tebur, ta alminiyam mai kaurin gindi, baƙa ta waje, hannu ɗaya a lanƙwashe. Ta wani gidan abinci ce, an daɗe ana dafa shinkafa a cikinta. Na ƙwanƙwasa, ta amsa da murya mai nauyi. Na sa ya zuba ruwa muka jira, ba ta ɗiga ba. Na gwada murfin, ya zauna. Muka yi ciniki har maigida ya fara kallon agogo, na biya, aka ɗaure ta a bayan mota. Ba ta da kyau ko kaɗan. Na kwana biyu ina goge ta, baƙin bai fita ba.

Ranar Juma'a muka haɗu a Uhudu. Inna tana kan tabarma da carbi, ƙanwata tana matsa mata ƙafa tana ba ta labarin tukunya mai famfo. Na bari ta gama.

"Inna, kin dai san ko ta mece ce? Na bincika. Tukunyar giya ce."

Ƙanwata ta saki ƙafar. "A'uzu billahi! Yaya, haram alaiki!"

"Ni ban ƙera ta ba. Tambayi mijinki."

Inna ta juyo da fuskarta wajen muryar ƙanwata. "Auta, an taɓa dafa abin a cikinta?"

"Wallahi a kwalinta ta zo, Inna. Ni na yage ledar."

"To, ke kuma babba, taki fa? Sabuwa ce?"

"Ta hannu ce."

"Kin san abin da aka dafa a cikinta kafin ki?"

"Shinkafa aka ce."

"Aka ce." Inna ta ci gaba da jan carbi. "Kowacce ta wanke tata ta kawo mini ranar farko. Bakina bai makance ba."

Ana gobe azumi na bi tsarina ba tare da kuskure ba. Tukunyar nan ta cika alkawari. Na juya ƙulli har ya yi kauri, na kai muciya gindi, sumul. Babu ƙanzo, babu ƙauri. Da na tace da safe na shinshina, sai ƙamshin citta da gero kawai. Tun da nake kunu ban taɓa yin mai tsabtar wannan ba. Na ce a raina, yau za a ga bambancin hannu da na'ura.

Ranar farko ta azumi na bi maigida da kaina. Mun tarar ƙanwata ta riga mu, har da tukunyar aka ɗauko, an kafa ta a tsakar gida, matan maƙwabta sun kewaye ta suna miƙa gorunansu, tana murɗa famfo tana cikawa, ko ɗigo bai zuba a ƙasa ba. Ni kuwa da jarka na zo da ludayi da mazurari.

Aka kira salla. Inna ta ci dabino, ta sha ruwa. Matar ƙanena ta ajiye mata kofi biyu, ba ta faɗi na wane da wane ba. Inna ta kurɓi na farko, ta riƙe a baki. Ta kurɓi na biyu. Ta koma na farko.

"Duka biyun na auta ne? Ina na babba?"

"Na dama nawa ne, Inna," na ce.

Ta sake kurɓa. "A'a. Ya yi daɗi, amma ba naki ba ne. Naki yana da hayaƙi."

"Ƙauri ne, Inna. Tsohuwar tukunyar ce ke kamawa. Na yi maganinsa."

"Wa ya aike ki?" Ta ajiye kofin. "A garinmu da itace muke dafawa, a bakin kogi. Tun da na zo ƙasar nan ta gas, a kununki kaɗai nake jin gida. Ni na ɗauka da gangan kike yi."

Na ɗauki kofin hagu na ɗanɗana na ƙanwata, ina neman tsami, ko salam, ko gari a ƙasa. Babu. Tsiron ya yi aikinsa fiye da yadda yake yi a hannuna. Abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Inna ba ta jan magana. Kafin a tashi sallar isha'i ta yanke hukunci: tunda kunun ɗaya ne, na masallaci da na maƙwabta auta ta riƙa yi, famfonta ya fi saurin cika goruna, kuma gidanta ya fi kusa. Ƙanwata ta dube ni, ta ce, "Sai in Yaya ta yarda." Da ta yi fahariya da ya fi mini sauƙi. Na ce maganar Inna ai ba ta neman yardata.

Da safe na ɗauki tsohuwar tukunyar na koma haraj. Mutumin Cadi ya ɗaga ta wajen haske, ya ce za a iya like ta, amma ba za ta ɗauki nauyi ba, kuma za ta fi da kamawa.

"Haka nake so," na ce.

"Wadda na sayar miki fa?"

"Ba ta da laifi."

Yanzu haka abin yake. Kowane azumi ina dafa ɗan kaɗan a likakkiyar tukunya, in bar shi ya kama, in tsaya ina shaƙar ƙaurin da na tsana har ya kai yadda Inna take so. Kofinta ne da na sahur ɗinta, shi ke nan. Tukunyar mai kaurin gindi tana saman kabad, da layya ake sauke ta. Maigida yana kai ni Uhudu, in wuce ta tsakar gida da ɗan flas ɗina, in ratsa matan da ke layi a gaban famfo. Bara na ji wata baƙuwa tana tambaya kunun waye wannan mai daɗi, aka ce mata na 'yar Hajiya ne. Ba a ce babba ba, ba a ce ƙarama ba. Na tsaya in ji ko wani zai gyara, ba wanda ya gyara. Daga ɗaki Inna ta ɗaga murya tana tambaya ko hayaƙinta ya iso, na cire takalmi na shiga.