Yadda Aka Mayar da Takena na Ranar Rashin Nasara

Ni ne na rubuta taken ƙungiyar ƙwallon unguwarmu, kuma ina so a san wannan tun kafin a ji sauran. A lokacin ina aiki a sashen adana takardu na wata ma'aikata a Lafiya, da yamma kuma ni ne sakataren magoya bayan ƙungiyar. Babu wanda ya sa ni. Na ga abin kunya ne 'yan wasa su riƙa shiga fili ba abin da ke tarbarsu sai busa da ihu marar kan gado. Sai na zauna na tsara baituka, na auna su, na daidaita amsa-amo, na ambaci gonakin doya da na riɗi, na rufe da addu'a. A tsaye ake rera shi kafin a take wasa. Gaskiya ce yawancin mutane baitin farko kaɗai suka haddace, daga nan muryoyi su yi ta zubewa har ya rage daga ni sai 'yan dattawa. Amma dai ƙungiya ta sami take.

Cikin magoya baya akwai mijin ƙanwata, dillalin doya ne a kasuwa, kowa Alhaji yake ce masa. Allah ya ba shi murya irin wadda ke tsayar da babbar mota. Ban taɓa ƙin sa ba. Abin da na sani shi ne ko da wasa bai taɓa zama ya tsara baiti ba.

Ranar da abin ya faru, muna karawa da wata ƙungiya daga wajen Doma wadda ta daɗe tana cin mu. Aka tafi hutun rabin lokaci babu ci. Na fita bayan katanga in yi sallar La'asar, na tarar da layi a kan buta, har aka koma wasa ban idar ba. Ina zaman tahiya na ji fili ya ɗauka da ihu. Da na dawo, ɗan wasanmu na gaba, mutumin Keana, garin gishiri, ya riga ya jefa ƙwallo a raga. Alhaji na tsaye a kan benci, hula a hannu, yana kwarara murya:

"Ɗan Keana ya zuba gishiri!"

Jama'a su amsa: "Miya ta yi!"

Waƙar ke nan gaba ɗayanta. Mai gangarmu ya kama, mata masu sayar da lemo suka kama, har waɗanda ba sa jin Hausa sosai suna tsalle suna amshi. A haka aka tashi, mun ci.

Magoya bayanmu suna da al'ada: ba a sauya abin da aka ci wasa a kansa. Wanda ya zo da jar hula zai sake zuwa da ita, wanda ya zauna kusa da kwanar fili ba ya matsawa. Na sha cewa wannan camfi ne. Ban san a kaina zai ƙare ba.

A taron ranar Lahadi, a gindin mangwaron ƙofar gidan ciyaman, aka kawo shawarar a mayar da waƙar gishiri taken ƙungiya. Na miƙe na yi bayani a tsanake. Na ce take yana da baiti, yana da ma'ana, yana da mutunci. Na ce idan ɗan Keana ya bar ƙungiyar gobe, miyar wa za mu rera? Na ƙara da cewa ranar ma ai an rera nawa kafin wasa, saboda haka nasarar a kansa ta zo.

"Sakatare," in ji mai ganga, wani dattijo ɗan ƙabilar Eggon, "waƙan ka yana da kyau. Amma ganga ba ya samun ƙofan shiga."

"An sha rera naka, Yaya," in ji Alhaji yana murmushi, "kuma Doma sun sha lallasa mu da shi a kunnensu."

"Bari in tambaya," in ji ciyaman. "Kana ina aka ci?"

Na ce ina salla.

"To ka ga al'ada ta hau kanka. Daga yau da an dawo hutu, sai ka ɗauki buta ka nufi bayan katanga."

Aka kwashe da dariya, har wani yana cewa zai saya mini buta tawa ta kaina. Ni ban yi dariya ba. Aka ɗaga hannu, na sha kaye. Don a fita kunyata, ciyaman ya yanke cewa ba za a jefar da takena ba, za a riƙa rera shi ranar da aka ci mu, tunda a cewarsa yana sanyaya zuciya. Na rubuta hukuncin kamar yadda aka faɗa, domin aikina ne, na kuma rubuta cewa sakatare bai amince ba.

Makonnin da suka biyo baya ban huta ba. 'Yan acaɓa suna yin waƙar gishiri, masu lodin doya suna yin ta. Wata rana na shiga gida na tarar da matata tana kirɓa sakwara tana rera ta, taɓarya na sauka daidai kan "miya ta yi". Da ta gan ni ta yi shiru, shirun ya fi waƙar ciwo.

Sai muka je wasa garin Obi, aka ci mu, ci mai muni. Muka kamo hanyar gida a bas. Na gyara zama, na gyara murya, domin bisa hukuncin taro lokacin takena ya yi. Kafin in buɗe baki, Alhaji ya ɗauko shi daga kujerar baya, a hankali, da wata murya da ban san yana da ita ba. Ashe ƙanwata ta koya masa baitukan duka. Direba ya kashe rediyo. Mutanen da ba su taɓa wuce baitin farko ba suka bi shi har addu'ar ƙarshe, suka shafa.

Da muka sauka a Lafiya, ciyaman ya kama hannunsa. "Alhaji, ashe waƙar nan haka take da daɗi? Allah ya ƙara murya."

Na ce ni na rubuta ta.

"Mun sani, Sakatare," in ji shi, bai ko juyo ba.

Har yau a unguwa, in ana maganarta, waƙar Alhaji mai sanyi ake cewa. Shi kuwa da muka rage mu biyu a bakin titi, ya dube ni ya ce, "Yaya, na yi daidai kuwa?"

Bai yi kuskure ko ɗaya ba. Tun daga Obi nake sauraro ina nema.