Barkonon Gwaggo

Jiya jikata tana dakan barkono, yajin ya shiga mini ido, sai na tuna Gwaggo, yayar babana.

Zamanin Nasara ne, muna ƙauye bayan Kore Mairuwa, shekarar da wani ciwo ya bi jarirai gida-gida. Jiki ya yi zafi, yaro ya ƙi nono, wuya ya sandare. Gwaggo ba ta gaida mai goyo sai ta ɗora yatsa a maɗigar ɗanta. Ran da ta taɓa ta nawa ta ji ta kumbura, sai ta ce a kamo jaki, likita yana Dogon Dutsi. Ba mu kai rabin hanya ba na ji goyon ya yi sanyi a bayana.

Ɗan fari ne. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, balle ta yi kukansa a gaban mutane. Na zauna cikin masu gaisuwa ido a bushe, nono yana jiƙa mini zane.

Gwaggo ta leƙo ta ce, "Ke, taso ki daka mini barkono."

Ta kai ni bayan rumbu, ta tsaya ta tare hanya. Ina daka ina kuka, har taɓarya ta gagare ni. Wata mata ta tambayi lafiya, Gwaggo ta ce, "Barkonon bana ne, ba shi da kirki." Ita ma Gwaggon idonta ya yi ja, alhali ba ta kusanci turmin ba.

Allah ya sanyaya kabarinki, Gwaggo. Wanda ban taɓa kiran sunansa ba, ki riƙe mini shi har in zo.