Goyo a cikin kwalekwale

Ƙafata ɗaya na cikin kwalekwale, na ƙara tamke goyon ɗana Habu da majanyi. Tsibirin kogin wajen Taura za mu kai yara, su ga sulke da garkuwar kakanninmu da ake adanawa a gidan wani tsoho tun shigowar Nasara.

Sai mai fito ya ce, "'Yar nan, kwance yaron ki rungume shi."

Na ce, "Baba, ruwa fa! In ya suɓuce min?"

"In jirgi ya kife yana ɗaure a bayanki, ta ina zan ciro shi?"

Na kwance. Lafiya lau muka haye, Habu har da shafa garkuwa yana dariya.

Ashe tamkewar tawa ce haɗarin. Iyaye mata, da ku ne, za ku kwance?