Shekarar da Na Kai Sikeli Kasuwar Ƙauye

Sayen hatsi ne sana'ata, kuma a hannun wani Alhaji na koye ta a Funtua. Mutum ne mai faɗin tafin hannu. Ranar kasuwa mukan tafi wani ƙauye da ke bayan Maska, mu yi shimfiɗa a gindin tsamiya, manoma da tsofaffin mata su kawo masara da dawa. Shi ke awo da tiya, ni ke riƙe bakin buhu. In ya cika tiya sai ya yi mata tozo, ya kuma tallabe gefen tozon da tafin nan nasa, har abin da ke kan hannun ya kusa cika gwangwani. Kowa yana gani. Mai kaya ta yi kururuwa ta doke hannun, ya yi dariya ya janye, a awo na gaba ya mayar. In an gama, ɗan abin da ya rage a shimfiɗa wanda bai cika tiya ba sai ya tura mata, ya ce, "Ga na kaji." Ta ƙulle a bakin zane ta tafi tana murna.

Na daɗe ina kallon wannan, ina cewa a raina ranar da na tsaya da ƙafata ba haka zan yi ba. Da na yi aure na yi sallama da Alhaji, na sayar da babur ɗina, na sayi sikeli irin mai ƙugiya da ake ratayawa. Sauran kuɗin na riƙe jari. Wani mai mota ya yarda zai ɗaukar mini kaya zuwa kudu, da sharaɗin in cika motar kafin kaka ta wuce. In ban cika ba, babu babur, babu jari mai juyawa, sai in koma riƙon bakin buhu. Alhaji ma ya faɗa mini da bakinsa cewa wurina yana nan, ba zai ba kowa ba.

Na rataye sikelina a reshen wata bishiya, tsallaken hanya daga tsamiyar Alhaji. Lissafina a fili yake. Duk wanda ya kawo mini buhu zai tafi da fiye da abin da zai samu a can, don ni babu tozo, babu tafin hannu, allurar sikeli ce ke magana. Na yi wa mutane bayani har muryata ta dushe. Suka taru suka kalla, wasu suka rataya ’ya’yansu a sikelin don su ji nauyinsu, aka yi ta dariya. Sannan kowa ya ɗauki kayansa ya tsallaka wurin Alhaji.

Kasuwa ta ci ta sake ci, abin da na tara bai fi a ɗora wa jaki ba.

Akwai wani abokina malamin firamare da ke koyarwa a ƙauyen, in an tashi yara yakan zo ya zauna a inuwata, don ni kaɗai ne mai wurin zama babu cunkoso. Lissafi yake koyarwa, amma aljihunsa ba ya rabuwa da littafin labari. Na kai masa kuka. Na ce, "Malam, kai da ka yi karatu, gaya mini. Mutum ya ga inda za a ba shi cikakke, ya wuce ya tafi inda ake yankarsa, wannan hankali ne?"

Ya ɗauki wata tsohuwar tiya da nake zuba goro a ciki, ya tsinko zare daga bakin buhu. Ya zagaye bakin tiyar da zaren, sannan ya gwada shi a faɗinta. Zaren ya yi faɗin sau uku, ɗan guntu ya rage.

"Ka ga wannan guntun?" in ji shi. "Tun zamanin da can masana ke bin sa da lissafi. Kullum suna ƙara matsowa, amma ba ya ƙarewa, kuma an tabbatar ba zai taɓa ƙarewa ba. Bakin kwano ke nan fa, wanda ba ya fushi, ba ya jin kunya. Kai kuma kana so ka gama lissafin ɗan Adam a kaka ɗaya."

Na ce wannan ba zai cika mini mota ba.

Ya ce, "Gaskiya ne. Amma duk littafin da na karanta, da mutanen ciki sun yi abin da hankali ya ce, a shafin farko labarin zai mutu. Ka tambayi masu kayan mana, ka daina yi musu wa'azi."

Wadda na tambaya wata tsohuwa ce, ƙawar kakata, tun ina ƙarami take kirana angonta. Na tare ta da ƙwaryar dawa a ka, ta nufi tsallake.

"Amarya, yau ma wuce ni za ki yi? Kin fi son tsohon can?"

"Rabu da ni, angon banza, ko tabarma ba ka da ita. Mutum ya zo wurinka ya tsaya kamar a asibiti."

"Amma kin san cutarki yake yi."

"Ni za ka gaya wa? Kafin a haife ka na san hannun nan." Ta sauke ƙwaryar ta zauna a kan buhuna. "Can ina gani da idona, ina ƙirgawa da bakina. In ya wuce gona da iri in mare shi, jama'a su yi dariya, ya rage. Wannan ƙarfen naka in ya yi mini ƙarya, ina zan mara? Ka rataya, ka leƙa, ka faɗi magana ɗaya, shi ke nan an gama. Dawar da na sha rana a kanta tun shuka, ko zama ba za a yi a kanta ba?"

"To ai kuɗin ya fi."

"Ya fi. Na kaji fa? In koma gida hannu sake, su tarye ni in ce musu me?"

Na so in ce mata da ribar za ta iya saya wa kajin abin da ya ninka wannan. Amma da na duba fuskarta na ga ta san haka sarai.

Kasuwar da ta biyo na bar sikeli a gida. Na zo da tabarmi biyu, da buta, da goro, da sabuwar tiya. Tsohuwar ce ta fara zuwa, don ta ga ko na ji magana. Na cika tiya na yi tozo daidai, na ɗauke hannuna.

Ta harare ni. "Sa hannun mana."

"Amarya, ni ba na tallabewa."

"In ba ka sa ba, me zan doke? Sa!"

Na kai hannu gefen tozon, ta ɗaka mini duka har dawa ta watse, mutanen da ke wucewa suka tsaya suna dariya. Haka muka yi ta yi har ƙwaryar ta ƙare, ina sawa tana dokewa, ko ƙwaya ba ta tsaya a tafina ba. Na tura mata na kaji, na ƙara da goro. Kafin la'asar an yi layi a tabarmata. Ba wanda ya ce don awona ya fi adalci ne. Cewa suke yi yaron nan ya yi hankali.

Motar ta cika ana saura kaɗan kaka ta wuce. Ranar lodi Alhaji ya tsallako da kansa, abin da bai taɓa yi ba, ya zagaya motar yana bubbuga buhuna. Ya kama hannuna ya juya tafin ya duba, ya ce, "Da wannan ɗan hannun za ka yi arziki? Allah ya kyauta." Daga nan ya ce in je in faɗa wa ƙanena ya zo gobe, akwai wurin riƙon buhu.

Yanzu a sitona na Funtua kan sikeli ake ɗora komai, kuɗi kuma ta waya suke tafiya, manomi ba ya ko sauka daga babur. Ya fi sauri, kuma ba a cutar kowa. Alhaji da tsohuwar duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Wani lokaci sai a yi cinikin mota guda ban ji muryar mai kayan ba.