Mutumin da Ya Shagwaɓa Ƙwayoyin Dakta

Shekarunsa hamsin da tara, saura wata biyu ya yi ritaya daga aikin mataimaki a ɗakin gwaje-gwaje na wata jami'a, inda ya shafe shekara talatin da huɗu yana wanke farantan gilashi. Ɗalibai suna kiransa Sarkin Tasa. Bai taɓa jin haushi ba. Yakan ce ita ce kaɗai sarautar da ba ta da ɗan takara. Matarsa ce dai ba ta amince da naɗin ba, don a cewarta ko kofin shayinsa bai taɓa ɗaurayewa a gida ba.

Wanki ba shi ne dukan aikin ba. Shi ke dafa abincin ƙwayoyin bakteriya a tukunyar turiri, ya zuba a farantai ya bari ya daskare. Shi ke gasa 'yar waya a wuta har ta yi ja, ya bari ta huce, ya ɗebo ƙwayoyi da bakinta ya shafa a sabon faranti. Hannunsa ba ya rawa, kuma farantinsa ba ya funfuna. Da wannan yake taƙama. Karatun da ke bayan aikin kuwa, shi da bakinsa yake cewa duk ranar da aka yi taron bayani aikinsa jera kujeru ne, sannan ya zaɓi ta baya kusa da fanka.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, Dakta, malamar da yake aiki a ƙarƙashinta, ta aike shi bayan wata masana'antar rini ya ɗebo ƙasa daga bakin magudanar da suke zubar da ruwan guba. Ko ciyawa ba ta fitowa a wurin. Ya dawo da kwalba uku da takalmi ɗaya da ya lalace. A cikin kwalba ta biyu aka sami ƙwayar da ba ta mutuwa a gubar, ita ce ma abincinta: tana farfasa ta har ta zama abin da ba ya cutarwa. A kan wannan ƙwaya Dakta ta gina bincikenta, da fatan wata rana a wanke ƙasar da masana'antu suka ɓata da ita. Ƙa'idar renon ɗaya ce: duk mako biyu a mayar da ita sabon faranti, ba a ba ta komai sai gubar nan.

Bara Dakta ta tafi ƙarin karatu na wata tara, ta bar masa amanar ƙwayoyin. Sati uku da tafiyarta babban injin sanyi ya mutu, ajiyar ƙwayoyin da aka daskarar a cikinsa ta narke ta lalace. Ya zama na farantinsa ne kaɗai suka rage a duniya.

Abin ya tsaya masa a rai. Ya dube su da kyau, sai ya ga 'yan ɗige-ɗige ne ramammu, sai sun kwana biyar kafin ido ya gan su. A gefe ga ƙwayoyin wasu malamai, masu shan romon nama, sun yi ɓul-ɓul cikin kwana ɗaya. Ya ce a ransa, marayu ne yanzu, kuma uwarsu ba ta nan. Ya ɗan gwada musu romon. Washegari faranti ya cika maƙil. Daga ranar bai sake buɗe kwalbar guba ba, ga shi dama warinta yana sa shi atishawa. Wata takwas yana ɗura musu romo, har yana ba matarsa labari.

Ranar da Dakta ta dawo, tun kafin ta ajiye jaka ya jawo ta zuwa firij.

"Ranki ya daɗe, zo ki ga 'ya'yanki. Ba za ki gane su ba."

Ta ɗaga farantin sama ta duba, ta daɗe tana dubawa.

"Baba, me kake ba su?"

"Romo. Na gaske, ba mai ruwa-ruwa ba."

"Tun yaushe?"

Ya faɗa mata. Sai ta jawo kujera ta zauna, alhali ba gajiya ta yi ba. Ta sa ya shafa su a farantin guba. Kwana bakwai suka jira, ko ɗigo bai fito ba.

A nan ne ya ji bayanin da ya yi shekara goma sha ɗaya yana barci a kansa. Iya cin gubar ba a cikin asalin gadon ƙwayar yake ba. Yana kan wani ɗan zobe ne na ƙwayoyin gado da take ɗauke da shi daban, kamar ƙarin kaya. Muddin guba ce abinci, duk wadda ta yar da zoben mutuwa za ta yi. Amma da romo ya samu, wadda ta yar da kayan ta fi saurin hayayyafa, jikokinta su cika faranti, masu zoben su yi ta raguwa a kowane sauyi.

"Wato Dakta, daɗi ne ya lalata su?"

"Kai ka lalata su, Baba. Daɗin kai ka dafa."

Ya hau mota ya koma bayan masana'antar da cokali da kwalabe. An rufe ta tuni, an cike magudanar, an malala siminti, an jera shagunan tayoyi. Ya tsaya da cokalinsa a hannu har wani mai shago ya tambaye shi ko abinci yake nema.

A gida matarsa ba ta rage masa komai ba.

"Malam, yara biyar muka haifa, ban taɓa ganin ka tausaya wa ɗaya ba. Yaro yana kuka kana cewa a bar shi ya saba da wahala. Ashe tausayin naka kana tara wa abin da ba a gani ne."

"Su ba sa neman mashin."

"Ai ga shi sun yi maka abin da ya fi mashin."

Abin da ya rage shi ne fata. Dakta ta ce mai yiwuwa cikin miliyoyin nan akwai ɗaya ko biyu da ba su yar da zoben ba, kuma hanyar gano su ita ce a yi ta shafa su a kan guba har wata ta tsiro. Ba ta kai ƙararsa ba, ba ta kuma ɗaga murya ba, wannan ya fi damunsa. Ya roƙa a bar masa aikin. Ba ya so takardar sallamarsa ta same shi a matsayin mutumin da ya kashe aikin shekara goma sha ɗaya da romo.

Faranti arba'in yake shafawa kullum, ya wanke arba'in na makon jiya da suka fito fayau. Ƙwayoyin da a da yake yi wa kirari, yanzu in ya buɗe firij cewa yake, "To, 'ya'yan masu kuɗi, an tashi lafiya?" Sati biyar aka yi a haka. Atishawa ta zame masa gaisuwa.

Ranar Talatar da ta wuce, wajen ƙarfe goma na safe, yana shirin jefa wani faranti cikin ruwan wanki sai ya ga ɗigo a gefensa, bai kai kan allura ba. Ya goge bayan gilashin da hannun riga, ɗigon bai gogu ba. Ya kira Dakta.

Ta duba, ta ce, "Kada ka yi murna tukuna. Sai mun gwada mun ga ko zoben yana nan cikakke. Yana iya zama baƙuwa ce ta faɗo daga iska."

"A farantina? Ranki ya daɗe, na yarda ni jahili ne, amma ban yarda ni ƙazami ba ne."

Ta miƙa hannu za ta ɗauki wayar ɗebo ƙwayoyin, sai ta fasa, ta bar masa. Ya gasa wayar, ya jira ta huce, ya ƙara jira fiye da yadda ya saba. Ya ɗauke ɗigon, ya raba shi a farantai uku na guba, ya rubuta kwanan wata a bayan kowanne. Biyu ya sa a ma'ajiyar ɗakinsu, na ukun kuma ya rungume shi ya haye da shi bene na sama, inda ya roƙi mai kula da wani ɗakin gwajin ya ba shi aron wuri, don kada a sake tara su duka a wuri ɗaya.