Da Mace Ce ke Mulki, Da Ta Hana?

Wa ya ce muku shugaba mace ce za ta ceci sana'ar iyayenmu mata?

Jiya a 'Yargoje ina karanta wa kakata raɗe-raɗin cewa za a buɗe wa shinkafar waje ƙofa. Sai ta ajiye carbinta.

Ta ce haka aka yi mata zamanin da kuɗin fetur suka yi yawa. Man gwangwani na waje ya cika kasuwar Ƙanƙara, man gyaɗarta ya yi ta kwantai har ta kife turmi.

Na ce, "Hajiya, da mace ce ke mulki, da ta hana?"

Ta ce, "Kai maigida, in ta taɓa murza ƙuli har hannunta ya yi kanta, wataƙila. In ba ta taɓa ba, ai namiji ce da kallabi."

Na yi dariya, amma sai na tuna da gidanmu. Mahaifiyata shinkafa take turarawa tana sayarwa, kuma da ita gidanmu ke ci.

Masu sa hannu a takardun shigo da shinkafar nan, maza ko mata, wani ya fito ya amsa min a bainar jama'a: in shinkafar ta iso, me mahaifiyata za ta koma yi?